Kolestarol, Ciwon Zuciya da Gudummawar Manyan Kwamfutoci

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane kimanin miliyan 17.9 ne suka rasu sakamakon cututtukan zuciya da jijiyoyin jini, wato kusan kashi ɗaya bisa uku na dukkan mace-macen wannan shekara. Ɗaya daga cikin manyan musabbaban wannan annoba shi ne yawaitar kolestarol a cikin jini. Wannan darasi zai duba yadda aka samo maganinsa, da kuma irin taimakon da manyan kwamfutoci suke bayarwa wajen neman sabbin magunguna.

Mene Ne Kolestarol?

Kolestarol wani sinadari ne mai kama da kitse wanda jiki ba ya iya rayuwa sai da shi, domin da shi ake gina bangon ƙwayoyin halitta da kuma sinadaran da ke cikin ruwan matsarmama. Jiki ne ke haɗa mafi yawansa, musamman a hanta, saura kuwa daga abinci yake zuwa. Da yake ba ya narkewa a ruwa, sai ya riƙa tafiya a jini cikin wasu ƙananan ƙunshe-ƙunshe. Wanda ya fi haɗari a cikinsu shi ne LDL. Idan ya yi yawa, yakan taru a bangon jijiya har hanyar jini ta tsuke. Ranar da jini ya daskare a wurin ya toshe jijiyar da ke ciyar da zuciya, sai wani sashe na tsokar zuciya ya mutu.

Yadda Aka Samo Sitatin

A shekarar 1971 wani masani ɗan ƙasar Japan mai suna Akira Endo ya fara neman sinadarin da zai hana jiki haɗa kolestarol. Shi da abokan aikinsa sun gwada nau'o'in fumfuna da makamantansu kusan 6,000, ɗaya bayan ɗaya, kafin a 1973 su dace da sinadarin kwamfaktin. Daga nan ne aka samo rukunin magungunan da ake kira sitatin, kuma a 1987 Amurka ta amince da sayar da na farkonsu, wato lobasitatin.

Aikin sitatin shi ne toshe wani enzayim mai suna HMG-CoA ridaktes, wanda hanta ke amfani da shi wajen haɗa kolestarol. Da zarar hanta ta ji ƙarancinsa, sai ta ƙara yawan wasu furotin da ke saman ƙwayoyinta masu kama LDL daga jini. Michael Brown da Joseph Goldstein ne suka gano waɗannan makamai, aka kuma ba su lambar Nobel a 1985. A 1994 wani gwaji da aka yi a ƙasashen arewacin Turai a kan marasa lafiya 4,444 ya nuna cewa simbasitatin ya rage mace-mace da kimanin kashi 30 cikin ɗari.

Inda Kwamfuta Ta Shigo

Magani da furotin ɗin da yake toshewa tamkar makulli ne da kwaɗo: dole siffarsu ta dace. Endo ya yi ta gwada makullai ne ba tare da ya ga cikin kwaɗon ba. Sai a 2001 Eva Istvan da Johann Deisenhofer suka fitar da hoton yadda sitatin ke zama a cikin ramin enzayim ɗin. Idan an san siffar rami, kwamfuta na iya jarraba miliyoyin sinadarai ta hanyar lissafi, ta ware ƙalilan da suka fi dacewa domin a gwada su a ɗakin bincike.

To, amma furotin ba ya tsayawa cik. Kullum cikin motsi yake. Domin bin diddigin wannan motsi, sai kwamfuta ta lissafa ja da turi tsakanin dubban ƙwayoyin zarra, ta maimaita lissafin sau kusan miliyan 500 kafin ta kwaikwayi abin da ke faruwa cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa. Wannan aiki ne mai nauyi ƙwarai ga kwamfutar tebur. Saboda haka ake haɗa dubban na'urorin lissafi su raba aikin a tsakaninsu, kamar yadda ake gayya a gona. A 2022 kwamfutar Frontier da ke Amurka ta kai ga yin lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa ɗaya. Da mutanen duniya biliyan 8 za su riƙa yin lissafi ɗai-ɗai a kowace daƙiƙa, sai sun shafe kusan shekara 4 kafin su cim ma wannan.

Darasin PCSK9

A 2003 aka gano wani furotin mai suna PCSK9, wanda ke lalata makaman LDL na hanta. A 2006 Jonathan Cohen da Helen Hobbs suka nuna cewa kimanin kashi 2.6 cikin ɗari na baƙaƙen fatar Amurka da aka bincika sun gaji wani sauyi da ke raunana shi. LDL ɗinsu ya yi ƙasa da kashi 28 cikin ɗari, haɗarin ciwon zuciya kuwa ya ragu da kashi 88. A 2015 aka amince da allurai biyu masu toshe shi. Samar da ƙwayar haɗiya ya fi wuya, domin saman furotin ɗin shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da rami mai zurfi da ƙaramin sinadari zai maƙale. A irin wannan matsala ce masana suka fi dogara da kwaikwayon kwamfuta.

Iyakar Lissafi

Duk da haka, kwamfuta ba ta yanke hukunci. Maganin tosetirafib ya gyara alƙaluman kolestarol a jini, amma a 2006 aka dakatar da gwajinsa saboda masu shan sa sun fi mutuwa. Abin da kwamfuta ke yi shi ne taƙaita nema. Tabbatar da amfani kuwa sai an bi ta ɗakin bincike da gwaji a kan mutane. Haka kuma likita ne kaɗai ke da hurumin rubuta waɗannan magunguna, kuma ba sa maye gurbin motsa jiki, da rage cin kitse, da barin shan taba.

Ɗalibin da ke sha'awar wannan fage ya riƙe lissafi da kimiyyar sinadarai da ilmin halittu hannu bibbiyu, domin da ukun nan ake yin aikin.

Tambayoyi

1. Ta yaya toshe enzayim a hanta ke rage LDL a jini?
2. Me ya sa kwaikwayon motsin furotin yake buƙatar babbar kwamfuta?
3. Wane darasi ke cikin labarin tosetirafib?