Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Jagorantar Atisayen Yara?

Wani mai sauraronmu daga Gusau, wanda matasan unguwarsu suka naɗa koci, yana tambaya: yaya zai tsara atisayen ƙwallon ƙafa na yamma?

To Malam, sannu da ƙoƙari. Tun daga gida ake fara atisaye. Ka zaɓi abu guda da za a koya ranar, misali miƙa ƙwallo, ka rubuta shi a takarda. Ka riga yaran zuwa fili ka tsince kwalabe da ƙusoshi, tunda filayenmu sai a hankali.

Kada a taɓa ƙwallo sai jiki ya ɗumama. Hukumar FIFA ta fitar da wani tsari a 2006 mai suna 11+, na minti 20, domin rage raunuka ga 'yan shekara 14 zuwa sama: sassarfa, ƙarfafa cinya da ciki, tsayuwa kan ƙafa ɗaya, da koyon dira bayan tsalle. Ba ya buƙatar kuɗi.

Inda koci da yawa ke kuskure shi ne jera yara 20 a layi suna jiran ƙwallo ɗaya, shi kuma yana ta wa'azi. Yaro wasa ya zo yi. Ka raba su huɗu-huɗu ko biyar-biyar, ka gwada musu da ƙafarka, ka taƙaita magana. Kada ka haɗa ɗan shekara 10 da ƙato.

A zafin Maris da Afrilu, a jira bayan la'asar, a riƙa tsayawa shan ruwa. Wanda kansa ya bugu har ya ji jiri, ya gama wasa ranar, a kai shi asibiti. Ka sallame su kafin magariba, Malam, iyaye na jira.