Darasi: Idan Jini Ya Kasa Isa Hannu

Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ta gefen babban yatsa. Za ka ji wani abu yana bugawa a hankali. Jini ne zuciya take turowa, kuma a jikin babban mutum mai hutawa, bugun yakan kai 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Jijiyar da ta kawo shi ta biyo ta ƙarƙashin ƙashin wuya, ta ratsa hammata da damtse, sannan ta rabu biyu a gwiwar hannu. Ɗaya ta bi gefen babban yatsa, ɗaya ta bi gefen ƙaramin yatsa, suka sake haɗuwa a tafin hannu. Ta wannan hanya ce abinci da iskar oksijin suke isa ga kowace tsoka.

Hanyar takan ƙuntata saboda dalilai daban-daban. Kitse yakan taru a bangon jijiya cikin shekaru, musamman ga masu shan taba da masu ciwon suga ko hawan jini. Irin wannan mutum hannunsa yakan gaji ya yi ciwo da zarar ya fara aiki. Wasu kuma sanyi ne yake sa ƙananan jijiyoyin yatsunsu su tsuke na ɗan lokaci, yatsun su ɗashe su sage. Wani likitan Faransa mai suna Maurice Raynaud ya bayyana wannan larura a shekarar 1862, shi ya sa ake kiran ta da sunansa.

Amma dalilin da ya fi shafar ’yan makaranta shi ne ɗori. Yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye a kusa da gwiwar hannu, a kai shi wurin mai ɗori, a jera karare a ɗaure tam. To, karaya tana zuwa da kumburi. Hannu yana kumbura, ɗauri kuwa ba ya sakin jiki, sai tsoka ta rasa wurin buɗawa ta matse jijiyoyin da suke cikinta. Yaron yana kuka dare da rana, manya suna cewa ya yi haƙuri, ai ƙashi ne yake haɗuwa. Alhali tsokar da ta yi kamar awa 6 babu jini takan fara mutuwa. Likitocin ƙashi a Nijeriya sun daɗe suna kokawa da yawan yaran da ake yanke wa hannu ta wannan hanya.

Akwai gwaji mai sauƙi. Danna farcen mai ɗorin har ya yi fari, sannan ka saki. Ya kamata jan launinsa ya dawo cikin daƙiƙa 2. Idan ya yi jinkiri, ko yatsun sun yi sanyi, ko sun sage, ko miƙe su yana jawo azaba, a garzaya asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Tambayoyi
1. A ina jijiyar jinin hannu take rabuwa biyu?
2. Yaya ɗauri mai tsanani yake hana jini gudana?
3. Mece ce ma’anar “ɗashe” da “sage”? Yi jimla da kowace.