Amsoshin Tambayoyinku: Finafinan Harshen Istoniya

Mai sauraronmu ya tambaya ko ƙasa ƙarama irin Istoniya, mai mutane kusan miliyan 1.3, tana da finafinan harshenta. Malam, tana da su, kuma ina ganin su ne suka taimaka wajen riƙe harshen. Tun 1914 Johannes Pääsuke ya shirya ɗan gajeren fim na wasan kwaikwayo kan farautar dabba a yankin Pärnu. A zamanin mulkin Tarayyar Sobiyet kuwa, lokacin da Rashanci ya mamaye ofisoshi, kamfanin Tallinnfilm ya ci gaba da fitar da finafinai da Istoniyanci, irin su Kevade na 1969 kan ɗaliban wata makarantar ƙauye, wanda har gobe ake kallo. Lennart Meri ma, kafin ya zama shugaban ƙasa a 1992, ya yi suna da finafinan binciken al'ada kan ƙabilun da harsunansu ke da dangantaka da Istoniyanci.

Wani zai ce kasuwa ƙarama ba ta mayar da kuɗin fim, kuma gaskiya ne: yawancin finafinan Istoniya da tallafin gwamnati ake yin su. Amma tallafin bai tafi a banza ba. Fim ɗin Mandariinid, haɗin gwiwa da Jojiya, ya shiga takarar Oscar a 2015, kuma fim ɗin Anna Hints kan mata a ɗakin wankan zafi na gargajiya ya ci kyautar bayar da umarni a bikin Sundance na 2023.