Sa'ad da Tsohuwa Ta Manta Sunanka

Karatu: Ishaya 46:3-4

Ɗan'uwa, wataƙila akwai tsohuwa a gidanku wadda take tambayar abu ɗaya sau goma, ta ce ba a ba ta abinci ba alhali yanzu ta ci. Wannan ba maita ba ce. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana irinsa a 1906. Cikin karatunmu Ubangiji ya yi alkawarin ɗaukar jama'arsa har su yi furfura. Da hannunka zai ɗauki wannan tsohuwa.

A gidajen kula da tsofaffi na Turai an lura cewa abin jiya yakan ɓace musu, amma waƙar ƙuruciya takan daɗe. Saboda haka ka raira mata tsofaffin waƙoƙin sujada, sau da yawa za ta kama. Ka ba ta aikin da hannunta ya saba: ɓarar gyaɗa, tsintar wake, ninke zannuwa. Ko ba ta gama ba, ba kome.

Kada ka riƙa canja mata wurin gado da buta. Rikicewar takan ƙaru da magariba, sai ka kunna fitila da wuri. In ta nemi mijinta da ya rasu, kada ka yi gardama da ita. Ka tambaye ta yadda aka yi bikinsu.