Wanke Tankin Roba Na Ruwan Mota

Lokacin kaka shi ne lokacin da motar ƙauye ta fi shan wahala. Akori-kura da ƙananan motoci sukan ɗauki buhunan masara da dawa, ko kwandunan tumatir, su kama hanyar kasuwa cikin rana da ƙura. Injin da ke jan irin wannan kaya yana bukatar ruwa kamar yadda shanun huɗa ke bukata. In ruwan ya ƙare ba a sani ba, sai inji ya ƙone, mota ta tsaya a daji, tumatir ya ruɓe kafin a samo bakanike. Sau da yawa asalin wannan hasara ɗan ƙaramin abu ne, wato tankin roba da ke kusa da lagireto ya yi dauɗa har ba a iya ganin ruwan cikinsa.

Amfanin tankin

Ruwa in ya yi zafi yakan ƙaru. Inji mai lafiya yana aiki ne da zafin da ya kai wajen digiri 90. Ruwan da ya yi wa lagireto yawa sai ya bi wani siririn tiyo ya sauka cikin tankin. In inji ya huce, lagireto ya sake zuƙo abinsa. An yi tankin da farar roba don mai mota ya ga ruwa daga waje ba sai ya buɗe murfi ba. Akwai zane biyu a jikinsa, na sama da na ƙasa, an rubuta MAX da MIN, ko FULL da LOW. In inji na sanyi, wajibi ne ruwa ya tsaya tsakaninsu.

Tankin iri biyu ne. A motoci da yawa na Toyota, murfin ƙarfe mai riƙe matsi yana kan lagireto, tankin kuwa ma'ajiya ce kawai. A irin su Volkswagen Golf matsin yana cikin tankin kansa. Wannan matsi shi ke hana ruwa tafasa a digiri 100, har ya kai kusan 120. Saboda haka duk wanda ya buɗe murfi inji na da zafi, ruwan zai taso masa ya ƙone hannu da fuska. A bar mota ta kwana, a yi aikin da safe.

Abin da dauɗar ke nufi

Kafin a wanke, a dubi dauɗar tukuna, don tana ba da labarin lafiyar inji.

Farin ɓawo mai tauri daga ruwan rijiya ko na burtsatse yake zuwa. Irin wannan ruwa yakan ɗauko farar ƙasa daga cikin duwatsu, in ya sha zafi sai ta kwanta, kamar yadda take kama gindin tukunyar mai shayi.

Jar laka tsatsa ce. Alama ce an daɗe ana zuba ruwa zalla, ko kuwa ruwan sanyaya inji, wanda ake kira kulant, ya tsufa, maganin hana tsatsa da ke cikinsa ya ƙare.

Kauri mai yauƙi yakan fito in an gauraya kulant iri biyu da ba su jituwa.

Amma in an ga maiƙo yana yawo a kan ruwa, ko wani abu kamar kindirmo mai ruwan ƙasa, to mai ne ya shiga ruwa. Galibi gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone, ko wurin sanyaya mai ya fashe. Wanki ba ya maganin wannan. Sai a kai wa bakanike tun kafin a ɗora wa motar kaya.

Yadda ake wankewa

1. A tanadi kwano mai faɗi, da garin sabulu, da ruwan ɗumi, da tsakuwa ƙanana masu santsi cike da tafin hannu, da ruwan khal ko ruwan lemun tsami da aka tace.

2. A zare tiyo, a kwance ƙusoshin da ke riƙe da tankin. In akwai waya a gindinsa, ta na'urar auna ruwa ce, a zare ta a hankali. A juye tsohon ruwan cikin kwanon.

3. A zuba ruwan ɗumi rabin tanki, da cokali ɗaya na garin sabulu, da tsakuwar. A toshe bakin, a yi ta girgizawa kamar minti 5. Tsakuwar ita ke kankare lungunan da hannu ba ya kaiwa. In tankin mai na'ura ne a ciki, ko mai ɗakuna da yawa, a sa ɗanyar shinkafa maimakon tsakuwa, don ta fi taushi.

4. In farin ɓawon ya ƙi fita, a haɗa ruwan khal da ruwa, rabi da rabi, a cika tankin, a bar shi ya kwana. Tsamin yana narkar da farar ƙasa, yana kuma sassauta tsatsa.

5. A ɗauraye sau uku ko huɗu, har ruwa ya fito garau ba kumfa. A tabbata ko ƙwayar tsakuwa ɗaya ba ta rage ba, don in ta shiga hanyar ruwa za ta toshe tiyo ko ta ɓata famfon ruwa.

6. A wanke siririn tiyon shi ma, a ga ruwa na wucewa ta cikinsa. In ya toshe ko ya tsage, lagireto ba zai iya zuƙo ruwa ba, ko da tanki na cike. A duba robar murfi, in ta bushe a sake murfin.

Kada a yi wankin da fetur, ko asid na batir, ko sodar yin sabulu. Wasunsu na cin roba, wasu kuma in sun rage suna cin alminiyon da aka yi lagireto da shi. Robar da ta zama rawaya saboda tsufa ba ta komawa fara. In ta yi tsaga ko tana ɓarewa, sai a sayi sabon tanki.

Hattara da tsohon ruwan

Yawancin kulant guba ne, ga shi kuwa yana da zaƙi. Akuya da kare da kaji za su sha in sun samu, yara ma haka, kuma yana lalata ƙoda har ya yi kisa. Kada a zubar da shi a tsakar gida, ko kusa da rijiya, ko a gona. A ɗura shi cikin jarka mai murfi, a yi mata alama, a kai gareji. Kwanon da aka yi aikin da shi kada ya koma wurin abinci ko na ban ruwan dabbobi.

Cika tankin

In tanki ya yi dauɗa ƙwarai, to lagireto ma haka cikinsa yake, sai a wanke shi a sake ruwan gaba ɗaya. A zuba irin kulant ɗin da littafin motar ya ce. In mai kauri ne da ake surkawa, a haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, amma a tabbata ruwa ne ba asid ba. A ƙasa mai zafi ba don ƙanƙara ake sa kulant ba, don hana tsatsa ne da jinkirta tafasa. Mai ganin ruwan rijiya ya fi araha, ya gwada kuɗin kulant da kuɗin gyaran inji.

Bayan an mayar da tankin, a ta da inji ya yi zafi, a bar shi ya huce, a sake duba zanen. Daga nan direba ya riƙa leƙa shi kowace safiya kafin a yi lodi. In ruwa na raguwa kullum, akwai inda yake yoyo, a nema tun yana ƙarami. Hausawa dai sun ce kula da kaya ya fi ban cigiya.