Yadda Ake Fara Koyon Ƙirƙirarren Harshe Da Wayar Hannu

Duk wanda ya tashi a Daura ya san zaurance, inda yara ke cusa wasu gaɓoɓi cikin kalma don kada manya su gane zancensu. Ƙirƙirarren harshe ya wuce nan, domin mutum ne ke zama ya tsara kalmomi da nahawu tun daga tushe. Ko a Najeriya an yi: Alex Igbineweka ya ƙirƙiro Guosa, ya tsamo kalmominsa daga Hausa da Yarabanci da Igbo. Sai dai ga sabon shiga, Esperanto ne ya fi yawan darussa kyauta a intanet. Wani likitan ido, L. L. Zamenhof, shi ya fitar da shi a birnin Warsaw a 1887.

1. A fara da haruffa
Haruffan 28 ne, kowanne da sautinsa guda. Wasulan biyar ne kamar na Hausa: a, e, i, o, u. Amma akwai tarko ga Bahaushe: "c" ana karanta shi kusan kamar "ts", "j" kuma kamar "y". Namu "c" da "j" da "sh" su ne ĉ da ĝ da ŝ. Haka nan sai an horar da baki wajen raba "p" da "f", da kuma "v" da "b".

2. A saita waya
A Gboard, a shiga saitin harsuna a ƙara Esperanto, kamar yadda ake ƙara Hausa don samun ƙ da ɗ da ɓ.

3. A riƙe ƙarshen kalma
Suna na ƙarewa da -o, sifa da -a. Aikatau kuwa bai damu da ko wane ne mai aikin ba: mi lernas, ina koyo, mi lernis, na koya, mi lernos, zan koya. In aka sa mal- a gaba, ma'ana ta juya: nova sabo, malnova tsoho. Da wannan kaɗai ɗan Daura zai iya kwatanta rijiyar Kusugu: La puto estas malnova, wato rijiyar tsohuwa ce.

4. A zaɓi manhaja ɗaya
Duolingo na koyar da shi ta hanyar Turanci. Shafin lernu.net kuma na da darussa da Turanci da Faransanci, wanda zai yi wa maƙwabta na Damagaram da Maraɗi daɗi. Don haddar kalmomi akwai AnkiDroid, wadda ke aiki ko babu data. Tara manhajoji barkatai cika waya ne kawai.

5. A riƙa yi kullum
Minti goma sha biyar a rana sun fi awa uku a mako. Sannu ba ta hana zuwa. Mai koyo ya riƙa naɗar muryarsa yana saurare, ya kuma rubuta jimla uku kan abin da ya yi ranar.

Kada a yaudari kai: ba a ciniki da Esperanto a kasuwar Daura, kuma ba ya bayar da aikin yi. Ribarsa ita ce mutum ya gane yadda harshe ke aiki cikin ɗan lokaci, ya daina tsoron kuskure, sannan ya tunkari Faransanci ko Larabci da ƙwarin gwiwa.