Yini guda a tsibirin Gore

Ɗan uwa mai karatu, ka san abin da ake kira tsibiri? Ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina. Wanda ya je Yamai ko Ayoru ya ga irinsu cikin kogin Isa. Amma na yau cikin teku yake, can ƙasar Senegal. Sunansa Gore.

Daga birnin Dakar ake zuwa. Babu gada, babu hanyar mota, sai jirgin ruwa, wanda mutanen can suke ce ma shalup. Tafiyar wajen minti 20 ce. Kuɗinsu sefa ne irin namu, ba sai ka yi canji ba. Ka riƙe katin dantite ko fasfo, don kuɗin tikiti ba ɗaya ba ne, ɗan Afirka bai biyan abin da Bature yake biya.

A tasha an rubuta lokutan tashin jirgi. To, nan karatunka zai yi maka rana. Ka duba ƙarfe nawa na zuwa, ƙarfe nawa na dawowa, ka rubuta a takarda. Jirgin nan ba motar kasuwa ba ne mai jiran ta cika. In lokaci ya yi, tashi yake, ko kana ciki ko ba ka ciki.

Tsibirin ƙarami ne. Tsawonsa wajen mita 900, faɗinsa wajen 300. Ba mota ko guda. Da ƙafa za ka zaga, cikin lunguna masu rairayi, tsakanin tsofaffin gidaje ja da rawaya. Masu talla suna da yawa, kuma sun iya ciniki.

Amma ba talla ke kai mutane Gore ba. Gidan Bayi suke zuwa gani. An gina shi wajen shekarar 1780, aka maida shi gidan tarihi a 1962. A sama akwai ɗakuna masu iska, na masu gida. A ƙasa kuwa ƴan ɗakuna ne matsattsu, masu duhu: na maza dabam, na mata dabam, na yara dabam. Ka tsaya kan na yaran nan. Daga ƙarshe akwai wata ƙofa mai duban teku, ana ce mata ƙofar da ba a dawowa. Ni kam ina ganin wurin nan ba na surutu ba ne.

Gaskiya sai a faɗe ta. Masana tarihi ba su yarda da juna ba kan yawan bayin da suka bi ta gidan. Da yawa sun ce an fi kwasar mutane ta wasu tasoshi, kamar Wida ta ƙasar Benin. Ta wannan gaɓa ta kudu aka kai Hausawa ma har Barazil. Faransa ba ta soke bauta kwata-kwata ba sai a 1848. A 1978 hukumar UNESCO ta sa Gore cikin wuraren tarihi na duniya.

Kafin ka koma bakin ruwa, ka ce a nuna maka tsohon ginin lakwal ɗin William Ponty. Baƙi da yawa suna wuce shi, amma mu ya shafe mu. Daga 1913, shekara fiye da 20, nan ake koyar da malaman makaranta na ƙasashenmu. Bubu Hama nan ya gama a 1929, shi ne mushe na farko ɗan Nijar. Jori Hamani, wanda ya zama shugaban ƙasa a 1960, shi ma nan ya yi karatu. Daga Nijar suka taso suna samari, suka shiga jirgi a Dakar kamar kai.

Yanzu ka ciro takardar nan taka, ka duba lokaci. Ka isa tasha da wuri, don ranar hutu da marece layi yana da tsawo.